Haƙorin Kwaɗo

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya ba ni mijina Malam, Shi kuma ya karɓe abinsa. Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara mini.

Gonarmu tana kan tudu. In ka bar Magajin Gari ka kama hanyar da ke yi wajen Kutemeshi, sai ka saki titi ka shiga daji, ka yi ta tafiya har ka iske wani rafi. Daga ƙetaren rafin hawa yake farawa. Duwatsu ne da saiwoyin itatuwa, ga wani rami da ruwan sama ya ci a tsakiyar hanya, ga lanƙwasa daidai inda hawan ya fi tsayi. A can sama kuwa ƙasa baƙa ce, dawa tana sonta. Da ƙuruciyarmu da jakuna muke sauko da amfani. Jakuna suka ƙare a ƙasar nan, sai Malam ya koma babur. Da ƙafarsa ta dama ta fara ciwo, ya daina iya tokare babur in ya karkace, sai ya sayi wani injin hawa mai ƙafa huɗu a hannun wasu baƙi da suka gama aikinsu za su tashi. Suna da wani suna da suke kiransa, mutanen unguwa suka ji kamar an ce kwaɗo, suka kuma ga yadda yake tsugune da faɗin baki. Shi ke nan, Kwaɗo ya bi shi.

A titi abin dariya ne. Sai ya yi ta ihu kamar injin niƙa, amma mai keke yana wuce shi. Masu shayi sukan ce, “Malam, ka sauka ka taka mana, ka fi sauri.” Shi kuma ya ce, “Ku zo mu haɗu a rafi.” Gaskiyarsa. In an zo hawan nan, masu babur sai sun sauke kaya sun tura, Kwaɗo kuwa ya bi dutse ɗaya bayan ɗaya, da buhuna a bayansa, wani lokaci har da ni a kan buhunan, bai taɓa tari ba.

Duk ranar Alhamis da yamma Malam yakan tsuguna a bayan injin, a tsakar gida, yana wanke sarƙa da kananzir. Akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙar ke bi, kanikawa suna ce masa sifiroket, mu a gida haƙori muke cewa. Yana gogewa yana magana, ni ina tankaɗe ko ina tsinkar zogale. Abin da yake yawan faɗa shi ne, “Tsohuwa, ƙaramin haƙori shi ke cin dutse.” Sai in ce, “To Allah ya ba shi sa'a.” Na ji maganar nan har ta zauna mini a kai kamar kiran salla.

Malam ya shuka dawarsa da ruwan fari, ya yi noman farko da hannunsa, bai ga na biyu ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Har yanzu in na ji ana sallama da muryar tsoho a zaure sai gabana ya faɗi.

Na shiga takaba. Ɗana, wanda ke zaune da mu da iyalinsa, shi ya ci gaba da kula da gonar, yana zuwa da babur ɗinsa in an ce daji ya yi sanyi, yana zama gida in an ce kada a fita saboda 'yan bindiga. Kwaɗo kuwa ya mai da shi na jigilar cikin gari. Sarƙa ta tsinke masa wata rana, ya kai wa wani bakanike sabo, domin tsohon bakaniken Malam ya kwashe iyalinsa ya koma Kaduna. Aka sa sabuwar sarƙa da sababbin haƙora irin waɗanda ake samu a shago. Tsofaffin kuma aka ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Ban sani ba, ina ɗaka.

Fitata daga takaba ta zo daidai da kaka. Ɗana da maƙwabta suka yanke dawar, suka ɗaure dammuna, suka jera a gindin ɗorawar da ke bakin gona. Saura saukowa da ita. Dawar nan ita ce abu na ƙarshe da hannun Malam ya taɓa. Na riga na raba ta a zuciyata: a fitar da zakka, a yi masa sadakar tuwo ranar Juma'a, sauran kuma in ci abina a hankali har shekara ta zagayo. Kuma dami ba ya jira a ƙasa. Gara tana binsa ta ƙarƙashi, birai suna binsa ta sama.

Ɗana ya gwada hawa da Kwaɗo ba kaya, ya dawo ya ce da ƙyar ya kai, injin ba shi da ƙarfinsa na da. Sai ya kira sabon bakaniken gida. Na fito zaure na zauna a kan tabarma, suna waje a kan injin.

Bakaniken ya gaishe ni, ya yi mini gaisuwar Malam, sannan ya ce, “Inna, abin da sauƙi. Babban haƙori za a sa a baya. Zai rage gudu, amma zai hau ko bango ne.”

Na ce, “Babba? Ƙarami dai.”

Ya ce, “A'a Inna, babba.”

Na ce, “Yaro, mai injin nan da bakinsa ya ce ƙaramin haƙori shi ke cin dutse. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tun kana tallan rake yake hawan tudun nan.”

Ya sosa ƙeya ya ce, “To wane ƙaramin? Ai biyu ne. Akwai na gaba a jikin inji, cikin murfi, akwai na baya. Wataƙila na gaba Baba yake nufi.”

Ni a ranar na fara jin cewa biyu ne. Shekara da shekaru abu ɗaya nake gani, wanda ke waje, wanda Malam ke gogewa. Na ce, “A bayan injin yake tsugune in zai faɗa. Hannunsa a kan na bayan. Mutum zai kama kunnen akuya ya ce wutsiya yake nufi?”

Ɗana ya yi dariya. Bakaniken bai yi ba. Ya ce, “Wallahi Inna, ƙarami a baya gudu ne. In ba za a sa babba ba, gara a bar shi yadda yake. Babban ma sai an aiko daga Kaduna, ƙaramin ne kawai nake da shi a shago.”

Na ce, “Ka gani? Abin da ake nema yana hannunka, kana so mu zauna jiran mota gara tana cin dawa.”

Ya juya wajen ɗana ya ce, “Kai ka yi magana mana.”

Ɗana ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ina jin abu biyu ne suka riƙe bakinsa. Bai so ya musa wa uwarsa da ta fito takaba jiya jiya, a kan maganar ubansa. Kuma kalmar gudu ta yi masa daɗi. Duk mai shiga dajin nan a shekarun nan yana son abin hawan da zai iya fitar da shi da sauri in ta ɓaci. Ya ce, “Sa mata abin da ta ce.”

Bakaniken ya ce, “To, ku da kayanku. Amma in an tambaya, ba ni na ce ba.”

Ya sa ƙaramin a baya. Washegari da hantsi na ce da ni za a je gonar. Ɗana ya ce gwiwata, na ce gwiwata ba ita za ta hau ba, Kwaɗo ne zai hau. Tun da Malam ya rasu ban ga gonar ba, ina so in ga layukan da ya ja. Na hau baya na riƙe ƙarfe. A titi kuwa sai ga Kwaɗo ya zama doki. Mayafina yana tashi, masu shayi suna ɗaga hannu suna cewa, “Kai! Kwaɗo ya yi fiffike!” Ɗana ya waiwayo ya ce, “Inna, kin ji?” Na ce, “Na ji. Dubi gabanka.” Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, Malam, ga shi na tsare maka maganarka.

Muka ƙetare rafin, ruwa ya ja baya, sai yashi. Muka kama hawa. Farkon ya tafi da ƙarfin gudun da ya kwaso. Da muka zo wurin duwatsu sai muryarsa ta canza, ta yi ƙasa, kamar tsoho mai tarin asuba. Ɗana ya ƙara wuta. Injin ya yi kuka, ƙafafun ba su motsa ba. Wani wari ya taso, irin na tukunyar da aka manta a murhu. Daidai lanƙwasar nan ya mutu, ya fara komawa da baya. Ɗana yana take birki yana cewa, “Inna riƙe! Inna riƙe!” ni kuma ina salati. Ƙafar baya ɗaya ta faɗa ramin ruwa, injin ya karkace, Allah ya sa wata bishiyar marke ta tare mu. Ban san yadda na sauko ba. Na dai ga kaina zaune a kan dutse, zanina ya yage, tafin hannuna yana jini.

Ɗana ya yi ta buga injin. Yakan tashi, amma ko an sa giya ba ya ja. Ya ce kuloci, abin da ke kai ƙarfin inji ga ƙafa, ya ƙone. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Daga inda nake ina hango kan ɗorawar gonarmu. Kanta kawai. Na tashi na ce zan ƙarasa da ƙafa, na taka kaɗan, gwiwa ta ce ba da ita ba. Na koma kan dutsena na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da Malam, domin ran nan gida cike yake da mutane. Ɗana ya hau shi kaɗai, ya sauko da dami ɗaya a ka. Ya ce gara ta fara gini a jerin ƙasa. Bai yiwuwa mu kai la'asar a wurin. Ya gangara da Kwaɗo zuwa rafi, wasu masu babur da ke dawowa daga gonakinsu suka ɗaura masa igiya suka ja, ni kuma wani ya goya ni da damin har gida.

Da yamma ɗana ya samu tsohon bakaniken Malam a waya, ya buɗe muryar wayar don in ji. Mutumin ya yi mini gaisuwa tukuna, ya yi wa Malam addu'a mai tsawo. Da aka gaya masa abin da ya faru sai ya ce, “Subhanallahi! Hajiya, ai na gaba ne. Ni na sa masa da hannuna. Ƙarami a gaba, babba a baya. Ƙaramin ne ya ba mu wuyar samu, shi ya sa yake ta yabonsa.”

Na gaba. Kalma ɗaya. Malam mutum ne mai surutu, zai ba ka labarin jakin kakansa tun daga haihuwa har mutuwa, amma kalmar nan guda bai taɓa ƙara ta ba. Ni abin da ya faɗa na faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Kuma wane irin mai ƙira ne zai yi abu biyu, ya ba su suna ɗaya, ya sa aikinsu ya saɓa, sannan ya ɓoye ɗaya a cikin murfi? Nakan kwanta ina yi wa Malam faɗa a raina, sai in tuna inda yake, in koma yi masa istigfari.

Aka aika Kaduna a kawo kuloci da haƙora. Sai hanya ta ɓaci, motoci suka daina zuwa. Da suka fara zuwa, aka kawo haƙorin da ramukansa ba su hau ba, aka mayar. Kafin na daidai ya iso, aka aiko cewa kada kowa ya ƙetare rafi sai an ji sanarwa. 'Yan dako ba su yarda su je ba, ban kuma ga laifinsu ba. Kullum da safe nakan tambayi ɗana, “Yau fa?” har ya fara fita tun kafin in idar da lazimi.

Ranar da aka ce ana iya shiga, ya tafi shi kaɗai. Ya ce Kwaɗo ya haye tudun bai ko yi tari ba. Amma abin da ya sauko da shi bai cika buhu ba. Gara ta mai da jerin ƙasa jar ƙasa, birai sun warware na sama sun watsar. Abin da ya tsinto rabi dawa ne, rabi ginin gara.

Damin nan ɗaya da ya fara saukowa, shi na sa aka sussuka aka yi tuwon sadaka ranar Juma'a. Bai zagaya unguwa ba, gidajen da ke kusa kawai aka kai wa. Zakka kuwa liman ya ce ba ta hau ba. Abin da ya tsinto ɗin nan na sheƙe, na rairaye, na wanke, na sake rairayewa, ƙasar ba ta fita duka ba. Matar ɗana ta ce, “Inna, a zuba wa kaji mana, ga masara a ɗaki.” Na ce ta bar mini abina. Ita ke dafa wa gida masara, ni nake dama kununa a ƙaramar tukunya, da dawar Malam. In na sha nakan ji ƙasa a harshena, sai in jira ta kwanta a gindin kwano, in ci gaba da sha.