Lambobin da Na Goge da Hannuna

Mahaifina mutumin Barno ne, amma ya fi shekara arba'in a Fagge yana sayar da yadi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, sai Hausa ta gudu daga bakinsa ɗungum, Barbarcin yarinta kaɗai ya rage masa. Ni kuwa a Fagge aka haife ni, ban da gaisuwa ban iya komai ba a harshen. Mahaifiyata ta riga ta rasu. Tsofaffin Barebarin unguwa sukan leƙo, sai ya juya fuska bango, don ba ya son a ga yadda bakinsa ya karkace.

Abu ɗaya ya rage masa, akwatin rediyo. Duk ran Alhamis bayan la'asar akan yi labarai da Barbarci na ɗan lokaci. Ran nan kaɗai yake yarda a tayar da shi zaune, ya ci abinci sosai, har ya gyaɗa kai kamar da shi ake magana. Rediyo ba ta jiran amsa, shi ya sa.

Wata Alhamis akwatin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Sabo ba na irinmu ba ne a lokacin, sai gyara.

To, nan na yi wautar da har yau nake tsine wa kaina. A gidanmu ba a fitar da abu da datti, ko tukunya za a kai wa maƙeri sai an wanke ta. Da na buɗe bayan akwatin na ga ƙura da yanar gizo da kashin kyankyaso, sai kunya ta kama ni. Haba, wannan ƙazanta zan kai Sabon Gari a ce daga gidan Alhaji ta fito? Na zare kwalaben gilashin nan guda biyar da masu gyara ke kira bawul, na samo tsumma da ruwan toka, na goge su tas har suna walƙiya. Na mayar da kowace inda ta shiga. Wallahi har daɗi na ji.

Mai gyaran wani Bayarabe ne dattijo, shagonsa na bayan kasuwa, Hausarsa ta fi tawa. Ya juya akwatin gaba da baya.

"Malam, ina tambarin kamfanin?"

Na ce Baba ya kankare shi da wuƙa tun ranar da ya saye shi hannun wani Baturen reluwe, saboda akwai hoton tsuntsu a jiki, shi kuwa ba ya salla a ɗaki mai hoto.

"Takardar da ake mannawa a ciki fa?"

Na ce gara ta cinye ta.

"Ba komai," in ji shi. "Lambobin bawul za su gaya mana ko wane iri ne."

Ya zaro ɗaya ya ɗaga ta sama wajen haske. Ya huro mata iska daga baki, ya sake dubawa. Ya zaro ta biyu. Sai ya ajiye, ya dube ni.

"Wa ya wanke waɗannan?"

Na ce ni ne, har da ɗan fahariya.

"Kai! Ka kashe shi. Da ka kawo min shi da ƙurarsa, da yau ka koma da shi yana magana."

Ashe lambobin fenti ne kawai a kan gilashi, ko yatsa mai gumi yana ɗauke su. Kuma kowace tana da gurbinta, ni kuwa na cakuɗa su.

Mutumin nan ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya zauna yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana zanawa a kwali. Ya aika ni wajen wani makanike a tashar jirgi mai tara littattafan rediyo, muka buɗe shafi shafi muna neman akwati mai kama da namu. Uku suka yi kama, kuma cikinsu ba ɗaya ba. Wata biyu ina zarya tsakanin Fagge da Sabon Gari. Duk Alhamis Baba yakan zuba wa ƙofa ido, in shigo hannu rabbana. Ya fara ture akushi.

Ƙarshe mai gyara ya ce sai dai a yi canki. Ya jera bawul ɗin yadda yake zato, ya haɗa batir. Suka yi ja kaɗan, muka ji wani gunji. Sai wari ya tashi, biyu suka ƙone nan take. Ya share hannu ya ce in yi haƙuri.

Na ɗauko akwatin a ka na ajiye gaban Baba. Na durƙusa na gaya masa komai da Hausa, tsumma da toka da duka, ina kuka, ƙato da ni. Ya kama wuyan rigata da hannunsa mai lafiya, ya yi magana mai tsawo da Barbarci, wadda bai yi irinta ba tun da ya kwanta. Daga ni sai shi a ɗakin. Na ce, "To, Baba." Ban san ko yafe min ya yi ba. Bai ƙara cewa komai ba har ya rasu a farkon damina.