Farin Dutsen Rijiyar Tozai

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma ranar da farin dutse ya cinye idanun wana ba za ta taɓa fita daga raina ba. Da ita za a binne ni.

Zamanin Turawa ne. Ni da wana haƙar rijiya muka gada, kuma da wuya ka sami ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni da bai sha ruwan hannunmu ba. Wata shekara da rani Baturen rijiyoyi ya zo Tozai, ya dudduba takardarsa, ya sa aka kafa turke a kan wani tudu bayan gari, ya ce nan za a haƙa. Ya ɗora ni a kan ma'aikata, ya hau doki ya wuce. Kaina kuwa ya kumbura, yau ƙane ne ke ba wansa umarni.

Wana ya tsuguna ya tsinci wata farar tsakuwa a gindin turken, ya ƙyasta ta da bayan wuƙa, wuta ta yi tartsatsi.

Ya ce, "Wagga ita Hillani ka ƙyasta wuta da ita. Tudun ga duk ita ta ƙasa nai. Ba ta shan ruwa, ba ta ba da ruwa. Bi Bature ka hwaɗa mai a maida turken ga hwadama."

Na ce, "Yaya, turken Bature za ni taɓa? In kai ka gaji da kwana gida kana son gidan yari, ni ban gaji ba."

Mai gari ma ya goyi bayana, don shi ya fi ni tsoro.

Muka wuce jar ƙasa, muka wuce marmara, a zurfin gaba shida muka ci karo da dutsen. Fari ne tas, yana ƙyalli kamar gishiri. Mun saba da dutsen yashi, wanda ke marmashewa a hannu kuma ruwa ke kwance a ƙarƙashinsa, sai na ruɗi kaina cewa shi ne. Amma dagi in ya sauka sai ya yi tsalle ya dawo, bakinsa ya lanƙwashe. Maƙerin gari har ya gaji da ganinmu. Na zuba ruwa a kansa da la'asar don ya yi laushi, da safe na tarar da ruwan yadda na bar shi.

Saura kwana uku Bature ya dawo, sai na ce a yi masa abin da muke yi wa kowane dutse mai taurin kai: a tara itace a ƙona shi, a kwara ruwan sanyi, ya tsattsage. Wana ya ce wannan ba ya tsagewa, fashewa yake yi. Na yi kunnen ƙashi. Da hayaƙi ya lafa, ni ya kamata in sauka, amma ya karɓe igiya daga hannuna.

"Kai ad da aiki yanzu, tsaya bisa," in ji shi.

Dutsen bai huce ba. Na ji ya kwara ruwa, na ji dagi sau ɗaya, sai ƙara kamar ta bindiga. Da muka jawo shi, hannayensa biyu na kan fuskarsa, jini na bin tsakanin yatsu. Ɓarɓashin da muka ciro daga fatar idonsa ya fi aska kaifi.

Bature ya zo a ranar da ya ce. Ya ɗauki ɓallin dutsen, ya karci wuƙarsa da shi, ya yi murmushi. Tafintansa ya ce mana sunan dutsen kwazayit. Wai da can yashi ne, zafi da nauyin ƙasa suka manne shi har ba kafar da ruwa zai ratsa, kuma ya fi ƙarfe tauri. Sannan Baturen ya tambaya, don me ba wanda ya gaya masa? Ya sa hannu ɗaya ya tumɓuke turken da na ji tsoron taɓawa, ya gangara fadama ya kafa, daidai inda wana ya ce. Dutsen kuwa ya naɗe shi a hankici ya sa aljihu. Bai tambayi jinin wa ke jikinsa ba, ni ma ban buɗe baki ba. A gaba huɗu muka sami ruwa.

Wana ya daɗe a duniya bayan haka, ni ke jan sandarsa zuwa masallaci. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. In an miƙa masa ruwa ya sha, sai ya ce, "Ruwan hwadama akwai daɗi." Ni har yau ɗaci yake yi mini.

Na daɗe ina jin haushin Baturen nan, kuma ban daina ba. Amma abin da na koya ya fi haka zafi: in wanda ya san ƙasa ya faɗa maka gaskiya, ka kai ta inda ya kamata ko da kana jin tsoro. Maganar da na ji tsoron faɗa ba ta kai minti ɗaya ba, wana kuwa ya biya ta da idanunsa biyu.