Darbejiyar Ladi da Bangon Gwamnati

Shekara goma sha shida ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana, a watan Maulidi. Sunansa Sule. Na zauna da shi fiye da shekara arba'in sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, yau ma don an ce mini jarida ba ta karɓar "shi" ne na faɗa. A unguwannin Nima da Maamobi na Ankara kuwa ko ka ce Sule ba wanda zai gane, sai ka ce Mai Lambu. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba. Baki Allah ya ba ni, na faɗa aka rubuta. Duk wanda ya tashi a layinmu ya sha kokona, ya kuma san ba na magana biyu.

Lambun da ake kiransa da shi ba nasa ba ne, na gwamnati ne. Akwai wani tsohon gida a unguwar Rij, tun na zamanin Turawa, bene ne a kan ginshiƙai, baranda ta katako ta zagaye shi, tagoginsa dogaye kamar ƙofofi. Ba zan faɗi ofishin da ke ciki ba, don ofisoshin da suka zauna a cikinsa sun sha canzawa, wannan ya kwashe kujerunsa wancan ya shigo da nasa. Farar hula suka zo, soja suka kore su, farar hula suka dawo. Maigida yana nan da addarsa da almakashinsa. Yakan ce da ni, "Masu ofis baƙi ne, Mai Koko. Gidan ne ɗan gari."

Aikinsa ba yankan ciyawa kaɗai ba ne, ko da yake abin da aka ɗauke shi yi ke nan. Kafin damina yakan hau tsani ya kwashe ganyen da ya toshe indararo. Yakan zagaya ginshiƙai yana duba hanyar gara, in ya gani ya karce ta tun ba ta kai katako ba. Duwatsun da aka jera a bakin hanyar mota, shi ke shafa musu farar ƙasa, ya dawo gida hannuwansa a tsattsage, in shafa masa man kaɗe yana mita wai na cika ɓarna. Da rani in famfo ya ɗauke, a ka yake ɗauko wa furanni ruwa. Mu a gida muna layi a bakin famfon unguwa, shi yana can yana shayar da furen da ba a miya da shi. Na yi masa gori a kan wannan ba sau ɗaya ba. Shi dai sai ya wasa addarsa.

Yanzu ga abin da ya haɗa ni da gidan nan, wanda ban taɓa faɗa wa kowa a waje ba sai bana.

Da na haifi 'yar fari, ranar wata Lahadi da hantsi, muna ɗaki ɗaya a gidan haya a Nima. Wanda ya san gidajenmu ya san yadda suke: mutum a kan mutum, tsakar gida duk siminti, babu ƙasar da za ka tona ko ta shuka barkono. Uwar mijina, Inna, ta zo daga Salaga don ta yi mini wankan jego. Ta wanke mabiyiya, ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta tsaya tana dube-dube. A wurinmu mabiyiya ba shara ba ce. Tare ta zo da jariri, ana binne ta da mutunci, a inda ba za a tone ta ba. Wata maƙwabciya ta ce a kai babbar gota, wato kwata, haka kowa yake yi a nan. Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta juya ta ce da ɗanta, "Kai ba ka ce kana da lambu ba?"

Haka suka kama hanya, shi yana tura keke, ita tana biye da ƙullin a cikin ƙwarya. Lahadi ce, ofis a rufe. Shi ya ba ni labarin daga baya. Ya nufi bakin shinge can nesa da gini zai yi tono, Inna ta ce ina.

"A gindin bango ake binne ta, inda ruwan indararo ke zuba. Ka kai ta bakin shinge, so kake yarinya ta tashi ƙafarta a waje?"

Ya ce, "Inna, bangon nan ba namu ba ne."

Ta ce, "To wa ke share shi?"

Mutumin da ya san aikinsa, ya san ba a dasa itace a jikin gini, amma wa zai ja da uwarsa ranar da aka yi masa haihuwa? Ya yi tono a bayan gidan, dab da bango. Bayan kwana biyu ya dasa 'yar darbejiya a kai, don kada leburori masu haƙa hanyar famfo su kai diga wurin. Niyyarsa in yarinya ta yi wayo ya tumɓuke ta.

Sunan yarinyar na yanka ba ya fita daga bakina, 'yar fari ce. Ladi muke ce mata. Ta yi wayo kam, har ta fara riƙe mini ludayi a wurin koko. Sai ƙyanda ta shigo unguwa, ta tafi da ita tare da 'ya'yan mutane da yawa. Ban yi kuka a gaban jama'a ba, kunyar 'yar fari ta hana. Ban raka ta ba, mata ba ma bin gawa. Da ƙannenta maza suka girma suka je neman kabarin, suka tarar maƙabartar ta cika ta batse, an bi ta kan tsofaffin kaburbura da sababbi. Ba wanda zai iya nuna maka ya ce nan ne. A duk faɗin Ankara, wuri ɗaya ne na san an sa wani abu na Ladi a ƙasa kuma yana nan, shi ne gindin darbejiyar nan.

Daga ranar Maigida bai sake maganar tumɓukewa ba. Sai ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, yakan haƙa rami siriri tsakanin itacen da bangon, zurfinsa har ƙugu, ya sassare duk saiwar da ta nufi gini, ya mayar da ƙasa ya daddale. Ranar da ya yi wannan aikin ba ya cin tuwon kirki. Ko da ya yi ritaya bai daina ba, yakan hau kekensa ya tafi, masu gadi su buɗe masa don sun san shi. Sai da gwiwa ta ƙi. Ya gaya wa wanda ya gaje shi, to shi ma aka yi masa canji, aikin lambun ya koma hannun masu zuwa da inji su yanke ciyawa su tafi. Ban ga laifinsu ba. Wa zai gaya musu akwai abin da ake yi a ƙarƙashin ƙasa?

Tun da ya rasu, duk watan Maulidi nakan shiga trotro, motar hayarmu ta nan, in ratsa Kokomlemle, in sauka in ƙarasa da ƙafa. In zauna a inuwar, in yi wa su biyun addu'a, in tashi. A hanyar nan na ga abin da idona ya gaji da gani. Gidajen da na sani da itatuwansu, wata shekara ka tarar an kewaye da kwano, wata shekara ka tarar da dogon gini na gilashi, ba ko inuwar da akuya za ta raɓa. Inda aka bar fili an shimfiɗe shi da bulo. Wani wuri har ciyawar roba na gani, kore shar, ba ta neman ruwa ba ta neman mutum. Nakan ce da Mai Lambu yana nan da me zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba. Zai durƙusa ya taɓa ta, ya shinshina yatsunsa, ya miƙe ya tafi. Gidanmu kuwa, haka nake kiransa, yana ta tsufa kamar ni. Fenti ya ɓare, baranda ta lotsa, duwatsun bakin hanya sun koma launin ƙasa. Kowace shekara da fargaba nake shan kwanar, ko zan tarar da kwano.

Bana na sha kwana na tarar an kafa ƙarafuna jikin ginin, ma'aikata suna hawa suna sauka. Mai gadi, wani ɗan Nijar mai Hausa kamar ta kakannina, ya ce, "Hajiya, ba rushewa za a yi ba, gyara ne. An ce gidan tarihi ne." Na ce alhamdu lillahi, har na ji ƙafata ta yi sauƙi. Na zagaya baya. Sai ga jan fenti an gicciya a jikin darbejiyar, alamar za a sare ta.

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga mutane sun tsaya da aiki. Wata yarinya ta sauko, da hular kwano a kanta, ba za ta wuce sa'ar jikata ba, ashe ita ce mai kula da gyaran. 'Yar ƙabilar Ga ce, na kuwa yi mata Gananci tas, don ba a banza na yi shekaru ina sayar wa masuntan Ga koko ba. Ba ta yi mini gardama ba. Ta kama hannuna ta kai ni bayan itacen. Bangon ya tsage tun daga ƙasa har ƙarƙashin taga, na zura hannu ya shige har wuyan hannu. An haƙe gindin, ga saiwa nan kamar cinyar ƙato, ta shige ƙarƙashin ginin ta ɗaga shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban taɓa zaton zan tsaya in ga tsagar da hannunmu ya jawo ba.

Na zauna a kan wani bulo na ba ta labari, tun daga ƙwaryar Inna. Ta cire hular ta riƙe a hannu. Ta kira ni uwa da yarensu, ta ce, "Maame, an wuce lokacin sare saiwa. In muka sare wannan, itacen zai faɗa kan gidan ranar da aka yi iska. In muka bar ta, bangon ba zai daɗe ba. Amma in kin ce a dakata, zan kai maganarki sama, in ga abin da za su ce." Na dube ta. Tunda nake, wani mai aikin gwamnati bai taɓa tambayata abin da nake so ba, sai ranar da ba ni da amsa.

Na dawo gida na kasa dama koko. Gaba kura, baya sayaki. Na yi ta kai ƙara wurin mamaci, ina cewa kai ka dasa, kai za ka warware. Na so in ce da yana nan da ya tsaya a gaban itacen da addarsa. Amma na zauna da mutumin nan, ba zan yi masa ƙarya don ba ya nan ba. Duk shekarun da ya yi yana haƙa ramin nan, bai taɓa sare saiwar da ta nufi fili ba, sai wadda ta nufi bango. Yana son 'yarsa, har ya mutu ba ya iya jin an kira wata Ladi a titi bai waiwaya ba. Amma gidan amana ne aka ba shi, itacen kuwa alfarma ce ya roƙa wa kansa a filin mutane. Da ya ga tsagar nan, da kansa zai je ya aro gatari. Zai dawo ya ƙi cin tuwo, amma zai sare.

To me ya rage na Mai Lambu? Furanninsa sun mutu tun tuni. Shingen da ya yi shekaru yana askewa an maye shi da katanga. Ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, ban kuma roƙi a rubuta ba. Abin da na sani, maƙwabtan gidan nan da yawa gara da ruwan sama sun gama da su kafin masu rusau su iso. Wannan ya tsaya har ya kai ranar da wani ya dube shi ya ce ya isa a gyara. Mutum ɗaya ba ya riƙe gini, amma na san wanda ya hau tsani.

Ranar Litinin na koma. Na ce da yarinyar su sare, Allah ya ba su sa'a, amma ina da roƙo ɗaya. A fasa mini gangar jikin, a yanka guntaye masu ƙwari, tsawon kowanne kamar daga kafaɗata zuwa yatsa. Ta ce kujera zan yi ko turmi? Mai gadin nan ɗan Nijar shi ya gane, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sa da sauran nisa, Hajiya." Ya yi mata bayani cewa mu in an kwantar da mutum a kabari, itace ake jerawa a kansa kafin a tura ƙasa.

Ban je ranar saran ba, ƙafata ba ta kai ni ba. An kawo mini guntayen a bayan wata mota, har da ɗanyen ɗacinsu. Limamin masallacinmu ya yarda a jingine su a ɗakin da ake ajiye makara, na kuma tara 'ya'yana na gaya musu a gabansa, don kada ranar wani ya ce zai sayo katako a kasuwa. Gwamnati ta riƙe bangonta, Allah ya sa masu zuwa su kula da shi. Ni ban raka Ladi ba. Ita za ta raka ni.