Layin Ƙarshe a Allon Sauka

Da yaƙi ya koro mutanen garin Madani zuwa nan Gadarif a ƙasar Sudan, wani tela cikinsu ya kawo mini allon saukar 'yarsa in yi masa zayyana. Na yi wannan aikin a Kano da Abeshe, ba a taɓa tambayar wa ya zana ba. Amma a wancan zamanin hannuna bai fara rawa irin ta yanzu ba.

Ranar walima baƙi suna jira, saura layi ɗaya na jar tawada. In alƙalami ya goce, allon ya ɓaci.

"Ya Hajj, bar shi haka, halas, ya isa," in ji telan. "Wa zai lura?"

"Ni."

Na dafe wuyan hannuna da hagu, na ja a hankali. Layin ya ɗan karkace, amma ya kai. Na daɗe ban ji daɗi haka ba.