Abdulmalik da Kuza a Kasuwar Katako

Abdulmalik kiwo ya gada. Da shanu suka ƙare, sai ya koma bin karya guda, sunanta Kuza, mai gano mutanen da ramin haƙar ma'adinai ya rufta da su. A Anguwan Rogo ana yi masa kallon mai wankin hannu sau bakwai saboda taɓa kare. Shi kuwa ya ɗaura mata ƙararrawa a wuya, wai don aiki. Ina zargin ƙarar ce ke mayar da shi daji.

Duk shekara Madam Ijeoma, shugabar masu karnukan ceto, tana gwada karnukan. Takan ɓoye mutum, mai kare bai san inda yake ba, domin kare na karanta kafaɗar ubangidansa. Kuza ta kai shekara tara. In ta faɗi, za a karɓe ta daga hannunsa.

Ranar gwaji gajimare ya sauko kan Katako, tarin itatuwa kamar suna iyo. Wani kafinta, Babatunde, ya matso kusa da Abdulmalik.

"Aboki na, tari na uku. Ni ban ce komai ba o."

Abdulmalik ya tsaya, igiya a hannu. Ya san ko bai yi nuni ba, ƙafarsa za ta karkata can, Kuza ta bi. Ya ga ranar da rami zai rufta da gaske, ba kafintan da zai yi raɗa.

"Madam, an faɗa mini wurin."

"Kai Bafulatani, wa ya tambaye ka?" Ta dube shi ta saman tabarau. "Juya baya. Zan sake shiri."

Ya juya, aka saki Kuza. Ya lumshe ido yana bin ƙararrawar: ta yi nisa, ta kewaya, ta ɓace cikin ƙanshin danyen katako. Ya ga farar saniyar babansa tana ratsa raɓa. Haushi yake jira, alamar an samu mutum. Shiru.

Can sai hanci mai sanyi ya taɓa tafin hannunsa. Kuza ce ta dawo.

"Ba ta samu ba, Madam."

"Me za ta samu? Na fitar da mutumin, ba kowa a ciki. Karnuka biyu sun yi mini haushin ƙarya yau don su faranta wa iyayen gidansu." Ta rufe takardarta. "Ɗauki tsohuwarka, ta ci gwaji. Sai baɗi."

Ya tsugunna ya gyara mata ƙararrawa, duk da ba ta karkace ba.