Yadda Curin Baba Attahirou Ya Ƙanƙance

Ni Safoura, burodi da wake nake sayar wa leburori a bakin hanyar da ta fito daga unguwar Tayuri a nan Sabha, inda suke tsugunawa da shebur da diga suna jiran motar da za ta kwashe su. Burodin daga koshar Zuhair nake ɗauko shi, wato gidan burodi a bakin Larabawan nan, kuma duk wanda ya ci burodin wannan kosha ya ci aikin hannun Baba Attahirou.

Mutumin Tasawa ne, dogo, siriri, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Aikinsa ɗaya: ya tsaya gaban tebur ya riƙa cirar kwaɓi yana cura shi, wani ya miƙar, wani ya jefa a wuta. Ba ya amfani da sikeli. Yakan cira ya jefa yana hira, idonsa na kan ƙofa, amma in ka jera curin nan sai ka rantse inji ne ya yanka. Zama dai bai iya ba. Ko shayi aka ba shi a tsaye yake sha, yana kaɗa ƙafa, har nakan tambaye shi ko cinnaku ne a wandonsa.

Ba a kosha ya fara ba. Yana saurayi ma'auni ne a wani kamfanin gwamnati da ke sayen gyaɗa a hannun manoma, da kakinsa da albashinsa, har an sa masa rana. Sai masu ba ƙasa bashi daga waje suka ce gwamnati ta yi ƙiba, dole ta rage tumbi. Aka rufe wasu kamfanoni, aka sayar da wasu, aka sallami ma'aikata. A Nijar ajusteman muke ce wa abin. Na ji wani mai sharhi a rediyo yana kiransa neyoliberalizim, ya ce ma'anarsa gwamnati ta cire hannunta daga ciniki, ta janye tallafi, ta sayar da abin da ta mallaka, ta bar kasuwa ta yanke wa kowane abu farashi, wai ta haka arziki zai bunƙasa ya gangaro har kan talaka. Ni dai ina nan ƙasa da kwanona tun ina budurwa, ban ga abin da ya gangaro ba. Abin da na gani shi ne kamfanin ya mutu, 'yan kasuwa suka riƙa sayen gyaɗa yadda suka ga dama, iyayen yarinya suka fasa, Attahirou ya hau bayan babbar mota ya yi arewa.

A nan Sabha, ƙasar Larabawa, ya faɗa hannun mahaifin Zuhair. Tsohon ya ciri kwaɓi ya ɗora masa a tafin hannu, ya ce haka burodin gidan nan yake. Bai faɗa masa giram nawa ne ba, don shi ma bai taɓa aunawa ba. Lokacin gwamnatin ƙasar nan ce ke ba koshoshi fulawa da rahusa, burodi ya fi komai araha, har tumaki ake ba wanda ya kwana. Baƙo ya sauka daga hamada ba ko sisi, ba zai rasa burodi ba. Attahirou yakan ce a lokacin ya ɗauka ya tsere wa ajusteman, ya baro shi can bayan Agadas.

Ashe yana biye da shi, tafiyar ce kawai ta yi masa nisa. Bayan rikicin da ya kifar da mulki a ƙasar nan, fulawar gwamnati ta riƙa zuwa tana yankewa, daga baya ta ɗauke. Zuhair, wanda ya gaji koshar, ya koma saye a hannun 'yan kasuwa, su kuma kullum bakinsu dala ta tashi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba mugu ba ne, shi ma ramewa yake. In ya ƙara kuɗi unguwa ta taso masa. Saboda haka ya yi abin da sauran koshoshi suka riga suka yi: a bar farashi inda yake, a rage curi.

To, a nan aka samu matsala, don hannun Baba Attahirou ya ƙi. Ba taurin kai ya yi ba, na shaida. Zai fara da safe yana ragewa, yana cije leɓe, da hira ta ɗauke masa hankali sai hannun ya koma gidan jiya. Kafin azahar buhun da aka ƙiyasta zai kai la'asar ya ƙare. Aka ajiye masa sikeli, aiki ya riƙa tafiyar hawainiya, layi ya kai titi, mutane na zage-zage. Ina tsaye da kwandona ranar da Zuhair ya ja shi gefe.

"Ya Hajj, kai ka goya ni a wurin nan, ban manta ba. Amma akwai inji a Tarabulus mai yanka kwaɓi, ba ya mantuwa. In wata ya ƙare hannunka bai koya ba, zan aika a kawo shi."

Baba Attahirou ya goge hannu a riga ya koma tebur. Ni ce na ji kamar in kifa wa Zuhair kwando a ka. Mutum ya doshi sittin, ba gona a Tasawa, ba ɗa, ba fansho, ƙarfin ɗaukar bulo ya wuce shi. In ya bar bakin wutar nan ina za shi?

Tun daga ranar ya rasa sukuni. In an tashi aiki ba ya zuwa majalisar 'yan Nijar, sai ya wuce ɗakinsa ya kwaɓa laka a tsohon baho, ya aro sikelin mai tumatir, ya yi ta cira yana aunawa yana mayarwa. Na kai masa tuwo na tarar da curin laka jere a tsakar gida har bakin ƙofa. Ya daina hira a wurin aiki. A masallaci ma an ce yatsunsa motsi suke a kan gwiwa. Wata rana na gan shi yana dukan bayan hannunsa na dama da na hagu, kamar mai horon jaki. Na ce Baba wannan ai hauka ne, ya ce wancan karon da ajusteman ya zo bai ba shi zaɓi ba, takardar sallama kawai aka miƙo masa, wannan karon tunda an ce ya koya, zai koya.

Kuma ya koya. Kafin wata ya ƙare curinsa ya dawo daidai yadda Zuhair ke so, da saurinsa na da, ba sikeli. Maganar inji ta mutu. Na yi murna, Allah ya sani, ko da yake ni ce ke shan tsegumin leburori, masu cewa burodina yanzu loma uku ne, kafin su hau mota yunwa ta dawo.

Bayan Babbar Salla aka tashi auren ɗiyata Fatma. Na sayi buhun fulawa na kaina, na roƙi Zuhair aron wuta bayan la'asar, ya yarda. Na ce wa Baba Attahirou fulawar nan tawa ce, ba ta kosha ba, ya saki hannunsa ya yi mini irin burodin da, wanda mutum zai ci ɗaya ya sha ruwa ya yi hamdala. Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya cira ya jefa.

Ƙarami ne. Ya yi dariya ya mayar, ya sake cira. Ƙarami. Ya dage ya dumbuzo da yawa, wannan ya fito ƙato kamar curin fura na biki, shi kansa ya san ba haka ba ne. Ya rage, ya ƙara, ya rufe ido ya gwada. Zufa ta keto masa, kwaɓi na ta tashi a baho, mai jefa burodi a wuta ya kau da kai. Na ce a ɗauko sikeli mana. Ya ce a ɗauko a auna me, tunda ba wanda ya taɓa sanin lambar.

Ya juyo da kwaɓi a tafinsa.

"Ɗiyata, ke da kika yi shekaru kina tsaga shi kina zuba wake, gwada mani. Yaya girmansa yake?"

Na ajiye kwando na buɗe hannuwana biyu. Na ƙara buɗawa kaɗan, sai na ga kamar ya yi yawa, na matso da su. Yana tsaye yana kallon hannuna yana jira, ni kuwa wallahi ban san inda zan tsayar da su ba.