Ranar da Na Raba Tagwayen Malam Sabo

Laifina ne, ba na Malam Sabo ba. Gara in faɗa tun farko, tunda da yawanku kun ji rigimar amma ba ku ji gaskiyarta ba.

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara shagonsa a Birnin Kudu ya san halinsa da ram, wato ɗan siririn farantin nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a kansa. Wanda ya zo bibbiyu a kwali ɗaya, Malam ba ya raba shi. Ɗaure su yake da roba, ya rubuta Hassan a jikin ɗaya, Husaini a jikin ɗayan.

Wani Alhaji mai motocin haya ya taɓa zuwa neman guda ɗaya.

"Alhaji, tare aka gwada su a kamfani, tare za su fita daga shagon nan."

"Haba Malam, ɗaya nake so! Na ninka maka kuɗin."

"To sayi biyun, ka jefa ɗaya a rijiya. Amma ba a gabana ba."

Idan kuwa ɗaya ya ƙone, wanda ya rage sunansa gwauro. A araha yake sayar da shi, tare da gargaɗi: "Ka bar shi shi kaɗai. Kada ka ga lambar wani ta yi daidai da tasa ka haɗa su. Lamba ɗaya ce, ciki ba ɗaya ba." Wani ya ce ai shi ya haɗa kuma ta yi aiki lafiya. Malam ya ce, "Ni ma na taɓa zuwa Kano ba birki, na dawo lafiya."

To ni ina da shagon buga takardu a Gwaram, da kwamfuta biyu, duk sun tsufa. Na sayi tagwaye a wurinsa. A mota dabara ta zo mini: me zai sa ɗaya ta ƙoshi ɗaya na jin yunwa? Na tsinke robar, na sa Hassan a wannan, Husaini a waccan, kowanne kusa da tsohon ram ɗina.

Kwana uku lafiya lau. Na huɗu ina buga jarrabawar wata firamare ta Farin Dutse, fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya, aikin wuni guda ya tafi. Na koma ɗayar, ita ma haka. Hedimasta ya wanke ni tas, ya kwashe takardunsa.

Ranar kasuwa na dira Birnin Kudu, na tsaya ƙofar shagonsa ina ihu cewa jabu ya sayar mini. Mutane suka taru. Malam ko ɗagowa bai yi ba, yana ta kwance wata kwamfuta.

Washegari sai ga shi a Gwaram kan tsohon babur ɗinsa. Ya buɗe kwamfuta ta farko, ya leƙa, ya kalle ni.

"Ina Husaini?"

Na nuna ɗayar da baki.

Ya cire tsofaffina, ya haɗa nasa wuri ɗaya, ya kunna. Ta tashi garau. Na kawo masa lemo, ya ce bai zo shan lemo ba, ya hau babur.

Bai gaya wa kowa ba. Ni ma ban gaya wa kowa ba, kuma nan ne babban laifina. Maganar jabu ta bi gari, masu kawo gyara suka riƙa wuce shi suna kaiwa Dutse. Ina ji, ina gani, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Sai da na ji ciwon suga ya fara taɓa idonsa na shiga mota zuwa wurinsa.

Yanzu Malam ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa haƙurin da ya yi da irinmu ya zame masa rahama.

Ranar da na je ɗin, na same shi zaune a ƙofar shago. Na durƙusa, na yi ƙasa da murya, na fara ba shi haƙuri.

Ya ce, "Ƙara murya. Mai shayin can bai ji ba, kuma wancan karon ya ji."

Na miƙe, na juya wajen titi, na ce, "Jama'a, ƙarya na yi wa bawan Allahn nan. Kayansa ba jabu ba ne, ni na ɓata su da hannuna. Malam, don Allah ka yafe mini."